Abin da Na Ɓoye a Cikin Tanderu

In ka tare mutum goma a unguwarmu ka tambaye su wane ne Mu'azu Mai Waya, amsa goma za ka samu, kuma a da duk masu daɗi ne. Masu niƙa sun ce injin da ya yi wata uku yana tari, Mu'azu na kara kunne a jikinsa zai faɗi inda ke masa ciwo. Dattawan masallacin layinmu sun ce tun da ya taɓa lasifikarsu muryar ladan ba ta sake shaƙewa ba. Innata kuwa, wadda ba ta cika yabon ɗan kowa ba, ranar da ya tayar mata da rediyonta da ya shekara a mace, juya shi ta yi a hannu ta ce, "Wanga yaro hannunai na da albarka. Bakinai ne dai aka manta ba a sa ma mai ba."

Ƙawata Bilki ita nata daban ne. Cewa take in Allah Ya sa na aure shi, sai an riƙa kunna rediyo a gidanmu kafin maƙwabta su san da mutane a ciki.

Wannan duk kafin tanderunmu ya fara mutuwa ne.

Ni ce Habsu, ɗiyar Inna maginiya, a nan Gummi. Kakata tukwane ta gina, Innata su take ginawa, ni ma da yumɓu a farce na tashi. Ku da ke karanta ni a waya ku yi haƙuri da tafiyata, sai da na shekara ashirin da biyu na shiga ajin manya na koyi haɗa baƙi. Saurare na fi gwaninta a kai. Shirun nan nawa kuwa shi ya kusa kashe wa bawan Allah suna, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa muku yadda aka yi.

Bara wata ƙungiya mai taimakon mata ta gina mana rumfa a bayan gari, a filin da Baffana Labbo ya bayar, ta kawo mana tanderun gasa tukwane mai aiki da lantarki, da babban injin ba shi wuta. Akwatin ƙarfe ne kamar firji mai ƙiba. Cikinsa farin bulo ne mara nauyi, da wayoyi nannaɗaɗɗu kwance a tsagogin bulon, hawa huɗu. Su ke yin jawur in an kunna, su gasa kaya ba itace ba kashin shanu. Mu tara ne a rumfar. Hajiya Maiturare ce shugabarmu, ni kuma aka ba ni jera kaya a ciki da kwashewa, don na san tukunyar da ke jure maƙwabciya da wadda ba ta so a matse ta.

Mu'azu ne ya haɗa masa wuta. Mutumin Adabka ne, ya yi shekaru yana gyaran injinan niƙan dutse wajen masu zinariya a ƙasar Anka, har ƙurar ta ishe shi ya dawo Gummi ya buɗe shago. Kwana uku ya yi a rumfarmu, abin da ya ce mini a kwana ukun bai wuce "miƙo mini wancan" ba. Rana ta huɗu ba shi da sauran aiki, sai ga shi ya dawo wai ya manta filayarsa ta datse waya. Bilki ta ɗaga buhu, ta leƙa bayan randa, ta share ƙasa. Can ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Malam, mi ne wancan da ka leƙowa cikin aljihunka?"

Haka aka fara.

Bayan la'asar yake zuwa gidanmu. Ya jingine babur gindin darbejiya, sanye da farar shadda mai guga, hula ƙube ruwan toka. Ni kuma in saka atamfata mai ruwan ganye da ɗigon fari, in yafa mayafi, in tsaya kan kaskon turare har Inna ta ce ya isa haka kar in gasu. Mu zauna a zaure, tabarma tsakaninmu.

"Ina wuni."

"Lahiya lau."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

Daga nan sai mu saurari awaki. Amma yana isa gida sai wayata ta yi ƙara. Mutumin da bakinsa ba ya buɗuwa, yatsansa ba ya gajiya. "Habsu, yau na so in ce atamfar nan ta karɓe ki, bakina ya ƙi. Na so in ce kunun da kika kawo ya fi na ko'ina. Na so in tambaye ki ko kina son gida mai rijiya a ciki." Ni kuwa sai in yi minti goma ina neman baƙaƙe, in tura masa, "Na gode. Kai ma hular."

Tun rasuwar mahaifinmu Baffa Labbo, ƙanensa, ke riƙe da al'amuranmu. Ya bincika, ya gamsu, ya ce magabatan Mu'azu su zo bayan kaka. Kowa ya yi murna. Inna har ta fara gina mini randar ɗaki.

To, ga inda na shigo da tawa ɓarnar.

Kayan farko da tanderun ya gasa sun fito lafiya ƙalau, ko ɗaya bai tsage ba, amma ja ne fayau tun daga baki har gindi, kamar an shafa musu fenti. A kasuwa mata suka riƙa ɗagawa suna ajiyewa. Wata ta ce wannan ai tukunyar shuka fure ce ta gidan ma'aikata. Na kai wa Inna guda, ta jujjuya ta, ta ƙwanƙwasa, ta taɓe baki.

"Ta gasu. Amma tukunyar da ba ta da duhu ga kumatu amarya ce ba kwalli."

A gidanmu in ana gashi a rami, akwai abin da ake watsa wa wuta: ƙaiƙayi, da dakakkiyar bagaruwa, da 'yar kanwa. Shi ke ba tukwanenmu wani duhu mai sheƙi a gefe guda, wanda ko a Bukkuyum aka gani an san daga hannunmu ya fito. Kakata ta koya wa Inna, Inna ta koya mini, kuma ba a faɗa wa bare. Ranar da malamin da ya kawo tanderun ya yi wa mata bayanin dokokinsa, ina ajin manya muna jarrabawa. Da na dawo na tambayi Bilki abin da aka ce, ta ƙirga mini da yatsu: kar a sa ɗanyen kaya, kar a buɗe da zafi, kar a cusa hannu. Shi ke nan abin da ta riƙe. Ba wanda ya ce mini kar a sa wa wuta abincinta.

Sai na gina ɗan kasko kamar tafin hannu. Inna ta ƙulla mini haɗin a tsumma, na zuba a ciki, na tura shi can kusurwar ƙasa ta baya, na kare shi da tukwane. Ni ke jerawa, ni ke kwashewa, don haka ba idon da ya taɓa sauka a kansa.

Kayan suka fito da kumatunsu ruwan ƙasa mai duhu, suna ɗaukar ido. Kafin azahar sun ƙare a kasuwa. Hajiya Maiturare ta ɗaga hannuna sama a gaban mata ta ce yadda Habsu ke jera kaya ne sirrin. Na sunkuyar da kai kamar mai kunya. Da aka fara yi mana saƙo daga Anka, Inna ta ƙara kanwa a ƙullin.

Wata biyar muna cikin daɗi. Ran nan mun cika tanderun da kaskon turare arba'in na wani biki, ina wanke hannu sai Bilki ta kira ni.

"Habsu, zo ki ga ɗan naki, shina kuka."

Tanderun ne ke ƙarar tsit-tsit. Lambar da ke nuna zafi a goshinsa ta tsaya a ɗari shida da 'yan kai, alhali sai ta haura ɗari tara kaya ke nuna. Washegari da ya huce muka fito da su, a ido kamar sun gasu. Bilki ta ƙwanƙwasa guda, ƙarar ta fito a dushe kamar an bugi kabewa. Ta ɗan matsa bakinsa, ya gutsure a hannunta.

Mu'azu ya zo da jakarsa, ya durƙusa ya haska ciki da tocila.

"Wayar ƙasa ce ta tsinke. Can baya."

"Wata biyar kacal?" in ji Hajiya. "An ce muna tana shekara biyu."

"Haka ya kamata, Hajiya."

Ya hau mota har Sakkwato ya samo sabuwa ya sa. Sati biyar, ta sake tsinkewa, a wuri guda. Ya bi wayoyin inji ɗaya bayan ɗaya, ya canza fiyus, ya zauna wuni guda yana kallon lambar nan tana hawa kamar mai gadin shinkafa. Bai ga komai ba, don ɗan kaskona yana bayan tukwane, ƙofa a rufe. Ya sake sa wata. Wannan sati uku ta yi.

Wallahi da farko ban kawo komai a raina ba. Abin da kakata ta yi shekara sittin tana watsa wa wuta, ta yaya zai tsinka ƙarfe? Amma gari ya fara magana. Wai wayar banza yake sayowa ya ce mai kyau ce. Wai da ma hannunsa a kan rediyo da lasifika ya tsaya. Masu niƙa biyu suka ɗauke injinansu daga ƙofar shagonsa.

A mutuwa ta biyun ne Hajiya ta juyo gare ni a gaban mata.

"Habsu, ke ka jera kaya ciki. Kin ga wani abu?"

Na ce, "Ni dai yumɓu na sani, Hajiya. Waya aikinai ce."

Ban yi nufin komai ba, Allah Ya sani, so nake a ɗauke ido daga kaina kawai. Amma mai yawan surutu in ya yi magana iska ke kwashewa, mai shiru kuwa tasa ɗauka ake a kai gida. Kafin magariba an ce ko yarinyar da yake nema ta ce laifinsa ne.

Kwana biyu tsakani Baffa Labbo ya shigo da hantsi. Ya zauna kan turmi kife, Inna ta dama masa fura, ya sha rabi kafin ya dube ni.

"Na ji abin da kic ce."

Ya ajiye ƙwaryar a ƙasa ya ci gaba.

"Lalacewar aiki ba komai ba ce, kowa na kuskure. Amma ana zancen ha'inci. Ba ni amsar goron mutum ana zargin hannunai. A aika ma mutanen Adabka su dakata, sai magana ta wanke."

Inna ta ce, "Labbo, yaron nan hwa shi yag gyara min rediyo."

"Rediyo za a aura mai?"

Ya shanye furarsa ya fita. Ranar Mu'azu bai zo zaure ba. Saƙo kawai ya turo: "Na ji. Baffa yana da gaskiya. Zan gano abin da ke cin wayar nan in sha Allahu." Bai ambaci maganar da na yi ba, ko da harafi ɗaya. Da ya yi mini faɗa da na fi samun sauƙi.

A mutuwa ta uku na makara. Akuyar Inna ce ta haihu da sassafe, muka tsaya a kanta. Hajiya tana da mabuɗi, ta buɗe wa Mu'azu, mata suka kwashe kayan sama suka bar masa na ƙasa. Ina isa na tarar da tukwane jere a tabarma. Idona ya bi su ɗaya-ɗaya. Na leƙa bayan ƙofa, na leƙa cikin kwando. Babu ɗan kaskona.

Shi kuwa yana durƙushe, rabin jikinsa a cikin tanderu, yana kankare wani abu da wuƙa daga tsagar bulon, abu mai ƙyalli kamar narkakkiyar kwalba. Ya fito da kai, ya dube ni sau ɗaya, ya mayar.

Bilki ta zunguro ni. "Lahiya? Fuskarki kamar tukunyar da ba ta nuna ba."

"Rana ce."

"Cikin inuwa?"

Bayan azahar saƙonsa ya shigo. Na shige ɗaki na zauna bakin gado na bi shi da yatsa, sau uku.

"Habsu, wannan ba faɗa ba ne. Kanwa in ta ji zafi sosai tururinta yana lasar irin wannan wayar har ta tsinke. Hayaƙi ma yana rage mata kwana. Yanzu ta shiga cikin bulon kusurwar, shi ya sa kowace sabuwa ke saurin mutuwa. Kaskonki yana wajena, ba wanda ya gani. Ki daina sawa kawai. Sauran ki bar mini."

Na rubuta "ka yi haƙuri", na goge. Na sake rubutawa, na ƙara "don Allah", na goge. Kalmomin sun yi mini ƙanƙanta a kan gilashin nan. Can sai ga wani: "Na ga kin karanta. Ba komai. Ki gaida Inna da mai jego." Akuyar yake nufi. Ina hawaye ina dariya, ni kaɗai kamar mahaukaciya sabon kamu.

Na fito na sami Inna a gindin rumbu tana goge randa da dutsen gogi. Na zauna kusa da ita, na karanta mata saƙon a hankali. Hannunta bai tsaya ba.

"Wagga wuta tasu ce ragguwa," ta ce. "Uwata ta ba wuta kanwa har ta tsuhwa, ba ta taɓa kai ƙara ba."

"Inna, wuta ba ta yi komai ba. Waya ce."

"To wayar ragguwa ce."

"Mu munka ɓata ta. Shi kuma aka zagi."

Sai a nan ta ajiye dutsen.

"Saurara, ɗiyata. In kin buɗe baki, abu biyu kin yi. Kin tona abin gidanmu, gobe kowace mace ta san mi muka sawa. Sannan a ce ɗiyar maginiya ta ƙone tanderun jama'a. Shi namiji ne, magana ba ta liƙe ma rigar namiji. Ba ya ce ki daina ba? Ki daina. Waya ta zauna lahiya, mutane su manta, Labbo shi huce. Yaron da kainai ya ba ki mahita, mi kika nema kuma?"

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta kwanta mini. Hanya ce mai laushi, irin wadda na saba bi. Na kwana biyu ina lallashin kaina da ita.

Ranar Talata Bilki ta zo aron rariya, ta tsaya a bakin ƙofa tana ba ni labari. Hajiya ta kira taro ranar Alhamis da safe. Ta samo wani mai gyara daga Gusau, zai zo sati mai zuwa, za a sallami Mu'azu a gaban kowa don kar a ce an yi a ɓoye. An gayyaci Baffa Labbo tunda filinsa ne.

"Ni dai na ce ba ruwana," in ji Bilki. "In na Gusau ya sa tashi ta zauna, shi ke nan an gane mai laihi."

Ta tafi da rariyarta ta bar ni tsaye. Sai a lokacin lissafin ya fito mini sarai. Na daina sa kanwa, Mu'azu ya riga ya kankare bulon. Duk wanda ya zo ya sa sabuwar waya, za ta zauna shekara biyu cur. Kowace rana da ta yi tana aiki shaida ce a kan Mu'azu. Shirun da nake cewa zai sa a manta, shi zai buga masa hatimi har abada. Kuma shi ya san haka tun kafin ya rubuto mini cewa in bar masa sauran.

Ranar Alhamis na yi wanka, na ɗauko atamfar Sallah, na mayar. Na saka tsohuwar rigar aikina mai tabon yumɓu a hannu, na zura hijabi ruwan ƙasa. Inna tana kallona ta wutsiyar ido. Wayata na bar ta a kan gado da gangan.

Rumfa ta cika. Mu tara, da mazan wasu daga cikinmu, da Baffa Labbo a kujerar roba da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Mu'azu yana tsaye jikin ginshiƙi, ya sa farar shaddar nan tasa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Hajiya ta gyara zaman gyalenta mai duwatsu ta fara. Ta yi bayani mai tsawo, ta ƙirga kayan da suka lalace, ta ce ita ba ta zargin kowa amma ido ba mudu ba ne ya san kima. Sannan ta ce ko Mu'azu yana da magana.

"Ba ni da ja, Hajiya," ya ce. "Sau biyu na gyara, sau biyu ta sake lalacewa. Ku kira wanda kunka ga ya dace."

Baffa ya girgiza kai, ya dafa sanda zai miƙe.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga fuskoki sun juyo.

"Hajiya, ina da magana."

Bilki ta ce a hankali, amma kowa ya ji, "Yau ko za a yi ruwa."

Aka yi 'yar dariya. Ta taimake ni, don kafin a gama na samu numfashi. Na faɗa musu komai. Ɗan kaskon, da kusurwar da nake tura shi, da abin da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, har kanwar. Na ce duhun kumatun da ake yabo daga nan yake, ba daga iya jerawa ba. Na ce tururin kanwar ne ke cin waya, kuma Mu'azu ya gano tun ranar Asabar, ya ɗauke kaskon ya ɓoye don kar a ji kunyata. Tun da aka haife ni ban taɓa jera magana mai tsawon wannan ba. Muryata tana fita siririya kamar ta wata.

Na kai ƙarshen maganata.

Sai aka yi gyaran murya daga baya. Inna ce. Ban san ta biyo ni ba, ga ta zaune kan buhun yumɓu da carbinta.

"Kanwar ma ni nak ƙara ta," ta ce, tana kallon gefe. "Yarinya ba ta san awo ba. In za a yi hwaɗa a yi da ni. Amma dai a sani, wagga waya ragguwa ce."

Nan rumfa ta fashe. Har Hajiya sai da ta toshe baki da gefen gyale. Wata ta ce ashe bagaruwa ce, ita ta daɗe tana zargi. Wata ta ce ƙarya take. Bilki ta matso ta ce mini a kunne a rubuta ranar nan a bango, Habsu ta yi wa'azi.

Hajiya ta ɗaga hannu aka natsu. Ta dubi Mu'azu.

"Kai kuma sai ka tsaya a kore ka kana kallo? Da ta yi shiru hwa?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa da ya cire. "Da na nemi wani aiki, Hajiya."

"Allah Shi shirye ku, ku biyun. Ban taɓa ganin masu shiru da sunka tayar da gari kamarku ba. Na Gusau shi sha zamanai."

Na ɗauka an gama, na fara laluben wurin zama. Sai Baffa Labbo ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba.

"Habsu."

"Na'am, Baffa."

"Kin hwaɗi abin da kinka yi ma tanderu, mun ji. Abin da kinka yi ma mutum hwa? A nan wurin kic ce waya aikinai ce, gari ya ɗauka. Ni ina da magana kan mutanen Adabka, amma ba ta hita sai na ji an ba mai haƙƙi haƙƙinai. Kuma ba ni za ki kalla ba."

Na juya. Taku biyar ne tsakanina da ginshiƙin nan, na ji su kamar daga Gummi zuwa Anka. Yana ta girgiza mini kai a hankali, wai in bari, ba sai na yi ba. Kunnuwansa sun fi nawa jin kunya. Tun da muka fara ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, ko a bayan idonsa "shi" nake cewa, kuma ga Inna, ga Baffa, ga mazan mutane.

Na tsaya a gabansa. Na ɗaga kai na dube shi sosai, na ɗaga murya yadda na can baya ma zai ji.

"Mu'azu, ni na ɓata maka suna, da hannuna da bakina, kai kuma ka rufa mini asiri. Na yi maka laifi. Don girman Allah ka yafe mini."